BAƘAR GIYA BA TA ƘARA WA MAI CIKI JINI

Daga Sashen Awon Ciki da Haihuwa

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a tsakanin jama'a, musamman a manyan garuruwa da barikoki da unguwannin da ƙabilu suka cuɗanya. Maganar ita ce wai baƙar giyar nan da ake kira sitawut, wadda aka fi sani da sunan Guinness, tana ƙara jini. Wasu na cewa a haɗa ta da madarar gwangwani a ba mai ciki. Wasu na cewa a ba mai jego don ta wanke mata ciki, ta kuma kawo ruwan nono. Akan samu wanda bai taɓa shiga gidan giya ba, amma ya saya wa matarsa kwalba ɗaya da sunan magani, domin an gaya masa cewa wannan dabam take da sauran.

A matsayina na ma'aikaciyar jinya kuma ungozoma, ra'ayina a kan wannan magana ɗaya ne, kuma zan faɗe shi tun daga farko. Baƙar giya ba ta ƙara jini, ba ta ƙara nono, kuma tana iya nakasa ɗan da ke ciki nakasar da ba ta warkewa. Yawancin masu karanta wannan takarda addininsu ya riga ya raba su da giya, wannan kuwa ya wadatar. To amma asibiti na kowa ne, kuma abin da aka laƙaba wa sunan magani yakan shiga gidan da giya ba ta shiga. Saboda haka ya dace mu buɗe kwalbar nan mu ga abin da ke ciki.

Mene ne a cikin kwalbar?

Ana yin sitawut da ruwa, da tsiron hatsi, da wani fure mai ɗaci da ake kira hofs, da kuma yis wanda ke mayar da zaƙin hatsin ya zama barasa. A Turai da sha'ir ake yin ta. A nan Nijeriya, tun da gwamnati ta hana shigo da tsiron sha'ir a shekarar 1988, kamfanonin giya suka koma ga dawa da masara, wato dai hatsin da muke tuwo da kunu da shi.

Baƙin da ake gani ba daga wani sinadarin jini ya fito ba. Ana gasa wani kaso na sha'ir ne har ya yi baƙi, kamar yadda ake gasa 'ya'yan gahawa, shi ne ke rina ruwan, ya kuma ba shi ƙamshin ƙauri. Masu ɗanɗana giya a ƙasashen waje sukan ɗaga kofi su dubi duhunta, su yaba kaurin kumfarta, su ce suna jin ɗanɗanon gahawa ko cakulan. Duk wannan yabo ne na harshe da hanci. Babu ko ɗaya daga ciki da ya shafi jini. Idan uwargida ta bar tuwo ya kama a tukunya, ƙanzon zai yi baƙi, amma ba wanda zai ce ya fi tuwon ƙara jini.

Ɗacinta ma yana ruɗin mutane, domin mun saba da cewa abu mai ɗaci magani ne, kamar maɗaci da shuwaka da bedi. Ɗacin sitawut daga furen nan ne da gasasshen hatsi. Kama da wane ba ta wane ba ce.

Abin da ya fi muhimmanci a cikin kwalbar shi ne barasa. Giyar kwalba da aka saba gani tana da barasa wajen kashi 5 cikin 100. Sitawut ɗin Guinness da ake yi a Nijeriya tana da kashi 7.5 cikin 100. Babbar kwalba mai santilita 60 na ɗauke da barasa zalla wajen giram 35, wato fiye da ninki 3 na giram 10 da masana lafiya ke ƙirgawa a matsayin sha ɗaya. Akwai kuma wasu nau'o'in da ƙananan masu dafa giya ke yi a Amurka da Turai, waɗanda ƙarfinsu kan kai kashi 8 zuwa 12, wani lokaci ma ya zarce. Ke nan abin da ake miƙa wa mai ciki a matsayin giya mai sauƙi ya fi giyar gama-gari ƙarfi.

Daga ina wannan magana ta samo asali?

Wani mutum mai suna Arthur Guinness ne ya kafa kamfanin a birnin Dublin na ƙasar Ailan a shekarar 1759. Daga shekarar 1929 kamfanin ya shiga talla a Ingila da cewa giyarsa na da amfani ga jiki, kuma tana ba da ƙarfi. A wancan zamani har likitocin Ingila da Ailan sukan ba da ita ga waɗanda aka yi wa tiyata, da masu ba da jini, da masu jego. An kuma yi wata irin sitawut mai sukarin madara wadda aka riƙa tallata wa mata masu shayarwa. A farkon shekarun 1960 aka buɗe masana'antar Guinness a Ikeja da ke Legas, maganar ƙarfi da ƙarin jini kuwa ta bazu tare da kwalbar.

Don haka idan dattijo ya ce ai likitocin Turawa ma suna ba da ita, bai yi ƙarya ba, sai dai labarinsa ya tsufa. A shekarar 1968 wani likitan yara a Faransa, Paul Lemoine, ya bayyana irin nakasar da ya gani a jikin 'ya'yan mata masu shan giya. A 1973 likitoci biyu a Amurka, Kenneth Jones da David Smith, suka tabbatar da haka, suka kuma ba ciwon suna. A 1981 babban likitan gwamnatin Amurka ya shawarci mata masu ciki su guji giya, a 1988 kuma aka yi dokar da ta tilasta rubuta wannan gargaɗi a jikin kwalba a can. A 2016 manyan likitocin gwamnatin Birtaniya suka fito fili suka ce abin da ya fi aminci ga mai ciki, da mai neman ciki, shi ne kada ta sha ko kaɗan. Shi kansa kamfanin ya daɗe da daina cewa giyarsa magani ce. Waɗanda suka kawo maganar sun yar da ita, bai kamata mu ne za mu tsince ta mu riƙe ba.

Maganar ƙarin jini

Gaskiya ne ƙarancin jini babbar matsala ce a wajenmu. Binciken lafiyar al'umma da aka yi a Nijeriya a 2018 ya nuna cewa kimanin mata 6 cikin kowace mata 10 masu ciki na fama da shi. Mace mai ƙarancin jini takan ji jiri da kasala, zuciyarta na bugawa, tana haki ko da ɗan tafiya ta yi. Idan aka buɗe ƙasan idonta sai a ga ya yi fari, haka ma tafin hannunta. Haɗarin ya fi girma ranar haihuwa, domin jinin da mai lafiya za ta zubar ta tashi, shi ne zai iya halaka wadda ba ta da isasshe. Saboda haka duk mijin da ya damu da jinin matarsa ya kyauta. Hanyar ce dai ake kuskurewa.

Jiki na bukatar sinadarin ƙarfe, wato ayon, domin ya haɗa jini. Mai ciki na bukatar kimanin miligiram 27 a kowace rana. Abin da ke cikin kwalbar sitawut bai kai miligiram 1 ba. In da za ta dogara da ita, sai ta shanye fiye da kwalba 27 a yini, wannan kuwa ba wanda zai sha ya rayu. Ita kuwa 'yar jar ƙwayar nan da muke bayarwa a wajen awo tana ɗauke da kimanin miligiram 60 ita kaɗai, kuma kuɗin kwalba ɗaya ya isa a sayi ta kwanaki da yawa.

Bayan haka, barasa na hana jiki cin moriyar folik asid, wanda shi ma ake bukata wajen haɗa jini da kuma ginin ƙashin baya da ƙwaƙwalwar jariri. Tana kuma cika ciki ta hana cin abinci mai gina jiki. Ɗumin da ake ji bayan an sha, wanda ake ɗauka jini ne ke ƙaruwa, jijiyoyin fata ne kawai suka buɗe. Da an auna jinin a ɗakin gwaji za a ga bai motsa ba.

Abin da ke faruwa da ɗan da ke ciki

Duk abin da uwa ta sha na barasa yana ratsa mabiyiya ya bi cibiya ya isa ga ɗan. Cikin ɗan lokaci yawan barasar da ke jininsa zai kusa daidai da na uwarsa. Bambancin shi ne uwa na da cikakkiyar hanta da za ta narkar da ita, shi kuwa hantarsa ba ta ƙosa ba. Barasar takan kuma zauna a cikin ruwan da yake kwance, yana haɗiya yana fitarwa, ta daɗe tare da shi bayan uwar ta wartsake.

A watanni 3 na farko ne ake halittar fuska da zuciya da sauran gaɓoɓi. Ƙwaƙwalwa kuwa tana ci gaba da ginuwa har ranar haihuwa da bayanta. Shi ya sa babu watan da za a ce giya ba ta da illa. Tana ƙara haɗarin ɓari, da haihuwar bakwaini, da mutuwar ɗa a ciki, da haihuwar jariri maras nauyi. Yaron da ta taɓa sosai akan haife shi da ƙaramin kai, da ƙananan idanu, da siririn leɓen sama, kuma ɗan kwarin da ke tsakanin hanci da leɓe ya shafe. Wani akan same shi da ciwon zuciya.

Da yawa kuma ba a ganin komai a fuskarsu. Sai an sa su makaranta a ga ba sa riƙe karatu, ba sa zama wuri ɗaya, ga saurin fushi, ga mantuwa. Malam ya doka, uba ya doka, a ce yaro daƙiƙi ne ko kangararre, alhali tun yana ciki aka cuce shi. Ana iya taimaka wa irin waɗannan yara da kulawa da koyarwa ta musamman, amma babu allura ko tiyatar da ke mayar da ƙwaƙwalwar yadda ya kamata ta kasance. Garin neman gira an rasa ido.

Na san akwai mai cewa, ai wance ta sha a duk cikinta, ga 'ya'yanta nan lafiya lau. Haka ne, ba kowane ɗa ne ke nakasa ba. Abin ya danganta da yawan abin da aka sha, da lokacin da aka sha, da abincin uwar, da kuma yanayin jikinta da na ɗan. To amma babu likitan da zai iya duban mace ya ce ke naki zai tsira. Har yau masana ba su gano wani adadi da za su ce wannan ba ya cutarwa ba. Wani ya tsallaka titi ido rufe ya tsira, wannan bai sa mu koya wa 'ya'yanmu yin haka ba. Haɗa ta da madara ko ƙwai kuma ba ya rage barasar ko da ɗigo ɗaya.

Mai jego da ruwan nono

A nan akwai 'yar gaskiya da aka gina ƙarya a kanta. Akwai wani abu a cikin sha'ir da ke iya motsa sinadarin da ke sa a samar da nono. Amma ita barasar tana danne wani sinadarin, wanda ke matso nonon ya fito. A 1991 wata mai bincike a Amurka, Julie Mennella, ta auna jarirai kafin su sha nono da bayan sun sha, ta gano cewa a cikin sa'o'i 3 zuwa 4 bayan uwa ta sha barasa, nonon da jariri ke samu na raguwa da kimanin kashi 20 cikin 100. Uwar takan ji nononta ya cika ta ɗauka ƙaruwa ya yi, alhali ƙin fita ya yi.

Barasa na shiga nono daidai da yadda take cikin jinin uwa. Jaririn da ya sha yakan yi barci da wuri, amma barcin gajere ne, yana yawan farkawa. Ga kuma haɗarin uwar da ta sha ta kwanta da jariri a gado ɗaya, nauyin barci ya sa ta danne shi.

Abin da ke kawo nono sananne ne. A sa jariri a nono cikin sa'a ɗaya da haihuwa, a bar shi ya sha dakashi, a riƙa ba shi duk lokacin da ya nema dare da rana, a kuma tabbatar ya kama nonon da kyau. Yawan tsotso shi ke kawo yawan nono. Uwar ta ci ta ƙoshi, ta sha ruwa da kunun gyaɗa da fura, a kuma rage mata aikin gida ta huta.

Burukutu, bammi da lemon malt

Hukuncin sitawut shi ne hukuncin burukutu da pito da bammi da ogogoro. Cewa a gida aka dafa, ko daga itace aka tatso, bai hana su zama barasa ba. A yi hattara kuma da magungunan gargajiya na kwalba da na leda da ake tallatawa a tasha da kasuwa don basir ko ciwon baya ko ƙarin kuzari. Da yawansu da barasa mai ƙarfi aka jiƙa su. Mai ciki kada ta sha kowane irin tsimi ko jiƙo sai ta nuna wa ma'aikacin lafiya.

Sai lemon malt, wanda kowa ke kira Maltina ko da wane kamfani ya yi shi. Wannan ba giya ba ne, kuma ba laifi mai ciki ta sha jefi-jefi. Amma haɗa shi da madara ba ya ƙara jini. Yawancin abin da ke ciki sukari ne, madara kuwa ba ta da ayon na kirki, hasali ma sinadarin kalsiyam da ke cikinta na rage yadda hanji ke tsotsar ayon. Kada a haɗiyi ƙwayar ƙarin jini da madara ko shayi. A bar tazarar sa'o'i 2 tsakaninsu. Wadda aka ce sukarinta ya hau kuwa ta bar lemon kwalba gaba ɗaya.

Abin da ke ƙara jini da gaske

Na farko, a fara awo da wuri, tun cikin watanni 3 na farko. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara tun 2016 cewa mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau 8. A wajen awo ne ake auna jini a san matsayinsa, a kuma gano dalilin raguwarsa, domin ba kullum ne rashin abinci ke kawo shi ba. Zazzaɓin cizon sauro, da tsutsar ciki, da amosanin jini, da haihuwa kusa da kusa duk suna cinye jini.

Na biyu, a sha ƙwayar ayon da folik asid kullum har a haihu, a ci gaba da sha makonni 6 zuwa 12 bayan haihuwa. Takan sa bayan gida ya yi baƙi, wannan ba ciwo ba ne. In tana tayar da zuciya a sha ta bayan cin abinci ko da dare. In ta kawo taurin bayan gida a yawaita ruwa da ganye. Maganar da ake yi cewa tana sa ɗa ya yi girman da zai gagara fita ba gaskiya ba ce.

Na uku, a kwana cikin gidan sauro, a kuma karɓi maganin riga-kafin zazzaɓi da ake bayarwa a wajen awo daga wata na 4, wata-wata, aƙalla sau 3. Haka ma maganin tsutsa idan an rubuta shi bayan wata na 3.

Na huɗu, abinci. Nama da kifi da kaza su ne ayon ɗinsu ya fi saurin shiga jiki. Sai wake da waken soya da gero da daddawa, da ganyaye irin su zogale da alayyafo da rama da kuka. A riƙa haɗawa da lemon zaƙi ko gwaiba ko tumatir ko mangwaro, domin suna taimaka wa hanji ya tsotsi ayon. Hanta na da ayon sosai, amma mai ciki ta ci kaɗan, ba kullum ba, saboda yawan bitamin A da ke cikinta.

Ga wadda ta riga ta sha

'Yar'uwa, in kin sha kafin ki san kina da ciki, ko kin sha don an ce miki magani ne, kada ki firgita, kada kuma ki ɓoye. Ki daina daga yau, domin kowace rana da ɗanki ya yi ba tare da barasa ba riba ce gare shi. Ki gaya wa ungozoma ko likita gaskiyar abin da kika sha da yawansa. Sirrinki amana ne a hannunmu. In kuwa kin saba sha da yawa kullum, har in ba ki sha ba hannunki na rawa, to kada ki yanke lokaci ɗaya ke kaɗai a gida, domin hakan na iya kawo jijjiga. Ki zo asibiti a taimaka miki ki bari cikin kulawa.

Ina kuma ganin ya kamata duk mai awo ya riƙa yi wa kowace mace wannan tambaya cikin mutunci da sirri, ba tare da duban sunanta ko shigarta ba. Matar da ba ta ɗauki abin da ta sha a matsayin giya ba, ba za ta faɗa ba sai an tambaye ta dalla-dalla, an ambaci baƙar kwalba da jiƙo da haɗin madara.

Kira ga maigida da iyaye

Sau da yawa ba mai cikin ce ke sayen kwalbar ba. Miji ne, ko uwar miji, ko maƙwabciya, kuma duk da kyakkyawar niyya. Matar da surukarta ta miƙa wa kofi da wuya ta iya cewa a'a. Saboda haka nauyin yana wuyanku. Maigida, kuɗin da za ka kashe a kwalba ka sayo kifi da wake da lemo, ka biya kuɗin motar zuwa awo, ka tambaye ta kullum ko ta sha ƙwayarta. In kai mai sha ne, ka taimaka mata ta hanyar nisanta shi daga gida. Inna da Gwaggo, kun riga mu sanin ciki da jego, kuma maganarku ta fi tamu shiga kunne. Ku taya mu kashe wannan magana a gidan suna da gidan biki.

In kun ga mai ciki na haki tana zaune, ko fuska da ƙafafunta sun kumbura, ko idonta ya yi fari fat, ko tana zubar da jini, to a kawo ta asibiti nan take, kada a tsaya haɗe-haɗe a gida. Riga-kafi ya fi magani. Allah Ya raba ku lafiya, Ya ba ku masu albarka.